Ƙaurace wa kamfanoni saboda Falasɗinu: yaya masallatai da coci-coci ke tsara abin har ya yi tasiri?

Ummu Yusra

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar kuɗi da tafiyar da cibiyoyin addini ce. Tun bayan Oktoban 2023 jerin sunayen kamfanoni ke yawo a WhatsApp da Facebook, wani ma ba a iya karanta shi har ƙarshe saboda tsawo, ana cewa duk a bar sayen kayansu saboda Falasɗinu. Can kuma sai a ji manyan coci-coci a Amurka da Ingila sun shafe shekaru suna muhawara a kan kamfani uku ko biyar kacal. Wace hanya ce ta fi amfani? Idan cibiyar addini ta ƙudurta shiga wannan aiki, masallaci ne ko coci ko makaranta ko asusun waƙafi, daga ina za ta fara? Wa ke yanke hukunci, da me ake tabbatar da laifin kamfani, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe? Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla.

Baban Rifkatu

Salama, Malama Ummu Yusra. Abubuwa uku ne aka cuɗa wuri guda, shi ya sa mutane ke rikicewa. Akwai ƙaurace wa kaya, mai saye ya bar saye. Akwai janye jari, cibiya ta sayar da hannun jarinta a wani kamfani kuma ta hana masu juya mata kuɗi sake sayensa. Sai takunkumi, wanda aikin gwamnati ne, iyakar masu addini a kansa kira da matsin lamba. Kiran da ƙungiyoyin Falasɗinawa fiye da 170 suka yi ranar 9 ga Yulin 2005, wanda ake kira BDS, ya haɗa duka ukun. Kiristocin Falasɗinu kuma sun fitar da tasu takardar mai suna Kairos a Baitalami cikin Disambar 2009, suna roƙon coci-cocin duniya su ɗauki ƙauracewa da janye jari a matsayin gwagwarmayar lumana. Ita ta ba coci-coci da yawa ƙafar tsayawa, domin 'yan'uwansu a bangaskiya ne suka yi roƙon.

Ki dubi yadda Cocin Presbyterian ta Amurka ta yi. A 2004 babban taronta ya umarci kwamitin da ke sa ido kan inda ake zuba kuɗin coci ya fara aikin mataki-mataki. Kwamitin ya tace kamfanoni, ya rubuta musu wasiƙu, ya nemi zama da shugabanninsu, ya shigar da ƙudurori a tarukan masu hannun jari. Sai da aka shafe shekaru ana yi ba canji sannan ya ba da shawarar a sayar da hannun jari a kamfani uku, kowanne da takamaiman laifinsa: Caterpillar saboda motocinsa samfurin D9 da ake rushe gidajen Falasɗinawa da su, Hewlett-Packard saboda na'urorin tantance mutane a shingayen bincike, Motorola Solutions saboda na'urorin sa ido a kewayen matsugunan 'yan kama-wuri-zauna da kayan sadarwar soja. A 2012 maganar ta faɗi da ƙuri'a 333 da 331. A 2014, a birnin Detroit, ta wuce da 310 da 303. Kuɗin da abin ya shafa kimanin dala miliyan 21 ne. Shekara goma ke nan, kuma da ƙuri'a bakwai aka tsallake. Abin da ya jawo masu shakka shi ne tarin wasiƙun da aka rubuta wa kamfanonin da amsoshin da suka bayar ko suka ƙi bayarwa.

Babban wurin tuntuɓe shi ne rashin sanin wanda ke riƙe da kuɗin. A Fabrairun 2006 babbar majalisar Cocin Ingila ta kaɗa ƙuri'ar janye jari daga Caterpillar, har Akbishop Rowan Williams ya goyi baya. Bayan wata guda kwamitin da ke ba da shawara kan zuba jari ya ce ba za a sayar ba, kuma majalisar ba ta da ikon tilasta wa masu riƙe da asusun. Sai a ƙarshen 2008 aka sayar da hannun jarin, kimanin fam miliyan 2.2, aka kuma ce dalilin kasuwa ne. A Cocin Methodist ta Amurka akasin haka ya faru. Babban taronta ya ƙi amincewa da janye jari a 2012, amma a Janairun 2016 hukumar fanshonta, mai juya kusan dala biliyan 20, ta hana zuba kuɗi a bankunan Isra'ila biyar, ciki har da Hapoalim da Leumi, ba tare da wata ƙuri'ar babban taro ba. Ta dogara ne da ƙa'idar kare haƙƙin ɗan Adam da take da ita a rubuce tun kafin nan.

Saboda haka ga yadda ya kamata a jera aikin. A fara da karanta tsarin mulkin cibiyar, a gano wanda sa hannunsa ke motsa kuɗi: amintattu ne, ko hukumar fansho, ko wani kamfanin da aka ba amana. A nemi cikakken jerin inda kowane kuɗi yake. Sannan a rubuta ma'auni kafin a ambaci sunan kowa, misali: ba za mu zuba jari ko mu ba da kwangila ga kamfanin da ke gini ko kasuwanci a matsugunan da ke Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus, ko yake samar da kayan rushe gidaje da na shingaye ba. Ma'auni ya fi jerin sunaye ƙarko, domin kamfanoni na rabewa suna sauya suna. Hewlett-Packard ya rabu biyu a 2015, duk ƙudurin da ya tsaya kan tsohon suna sai da aka sake zama a kansa. Bayan ma'auni sai hujja, sai wasiƙa mai ɗauke da buƙata guda ɗaya bayyananniya da wa'adi, a ce kwana 90, sai ƙuri'a, sai ranar aiwatarwa a rubuce da sunan ofishin da zai kawo rahoto.

Abu na ƙarshe, kuma ina ɗaukarsa da nauyi: a tsare harshe. Ƙudurin 2014 ya faɗa ƙarara cewa ayyukan kamfanoni a yankin da aka mamaye yake nufi. Akwai Yahudawa, kamar ƙungiyar Jewish Voice for Peace, da suka je Detroit suna mara wa ƙudurin baya. Ranar da wani ya hau mumbari ya mayar da maganar zagin Yahudawa a matsayinsu na Yahudawa, ya zalunci mutanen da ba ruwansu, ya kuma miƙa wa masu adawa makamin da suke jira.

Abu Hafsat

Wa alaikumus salam. Baban Rifkatu ya yi bayani mai kyau, amma kada a raina ƙauracewar talakawa, domin mafi yawan masallatai ba su da hannun jari, jama'a suke da ita.

Ta fuskar fiƙihu, asalin ciniki da wanda ba Musulmi ba halal ne. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Don haka ba addinin mai kamfani ake dubawa ba, taimakon zalunci ake dubawa, kamar yadda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Hujjar da malamai suka fi kawowa ita ce ta Sumamatu ɗan Usal, shugaban Banu Hanifa, wanda bayan ya musulunta ya rantse wa Ƙuraishawa cewa ko ƙwayar alkama ba za ta zo musu daga Yamama ba sai Annabi ya yi izini. A lura da abu biyu a ƙissar. Kaya ɗaya ya riƙe, wanda Makka ba ta iya rayuwa ba tare da shi ba. Sannan da yunwa ta tsananta Ƙuraishawa suka roƙi arziki, littattafan sira sun kawo cewa Annabi ya rubuta masa ya saki hanya. Ke nan abin na da manufa, yana da mai ɗage shi. Malamai sun saɓa kan hukuncinsa a yau: wasu na ganin wajibi ne, wasu mustahabbi, wasu kuma na cewa sai da umarnin shugaba. Wanda ya fahimci wannan saɓani ba zai kafirta maƙwabcinsa a kan kwalbar lemo ba.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne jerin sunaye. A Nuwamban 2023 majalisar malaman Indonesiya ta fitar da fatawa mai lamba 83, ta ce goyon bayan gwagwarmayar Falasɗinawa wajibi ne, tallafa wa ta'addancin Isra'ila haramun ne, ta kuma shawarci Musulmi su guji kayan da ke da alaƙa da ita iya iyawa. Ba ta ambaci sunan kamfani ko ɗaya ba. Nan da nan wasu suka haɗa jerin sunaye suka jingina mata, sai da ta fito ta ce ba nata ba ne. Liman ya karanta irin wannan jeri a huɗuba ba tare da bincike ba, ya saɓa wa aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta ce a tabbatar da labari.

Su kansu masu tafiyar da BDS ba dogon jeri suke bayarwa ba. Suna ware kamfanoni kaɗan da ake so mai saye ya bari, wasu na masu jari ne su janye, wasu kuma irin su Google da Amazon matsin lamba ake yi musu saboda barinsu gaba ɗaya ya fi ƙarfin yawancin mutane. Dalilin a fili yake, taura biyu ba ta taunuwa, balle ɗari. Jama'ar da aka ɗora wa suna ɗari za ta gaji cikin wata biyu, kuma babu kamfanin da zai ga giɓin a lissafinsa.

Abin da masallaci ke da iko a kansa kai tsaye shi ne dabinon buɗa-baki. Ana noma dabinon Medjool da yawa a matsugunan da ke kwarin Jordan, cikin Gaɓar Yamma. Daga cikin manyan masu fitar da shi akwai Hadiklaim da Mehadrin, kuma Hadiklaim na sayarwa da sunaye irin su Jordan River da King Solomon. Sunan farko na sa mutane su zaci daga ƙasar Jordan yake. Mutane sun riƙe cewa a duba lambar da ke ƙarƙashin zanen layi-layin nan na bayan kwali, in ta fara da 729 na Isra'ila ne. Gaskiya ne 729 lambar ofishin rajistar Isra'ila ce, amma tana nuna inda kamfani ya yi rajista ne kawai. In an kai dabinon a manyan kwalaye aka sake ƙunshe shi a Holan ko Ingila, lambar mai ƙunshewa zai ɗauka. Abin dubawa shi ne layin da ya faɗi ƙasar da aka noma shi, da sunan mai fitarwa. Kwalin da ya faɗi inda aka ƙunshe shi kawai, bai faɗi inda aka noma ba, a ajiye shi. Dokar rubutun ma ta bambanta: kotun Tarayyar Turai ta yanke a Nuwamban 2019 cewa dole abincin matsugunai ya nuna daga matsuguni yake, Amurka kuwa tun ƙarshen 2020 ta ce kayan yankin da ke ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila a Gaɓar Yamma a rubuta musu kayan Isra'ila.

Kwamitin buɗa-baki ya nemi takardar shaidar asalin kaya daga dillali, a rubuce, kafin ya biya. Ya kuma yi odar da wuri. Ana girbin Medjool ne wajen Satumba da Oktoba, manyan dillalai kuwa suna kammala odarsu watanni kafin azumi, saboda haka wa'azin da aka fara a ƙarshen Sha'aban ihu ne bayan hari. Manoman Falasɗinawa na noma irin wannan dabino a wajajen Ariha, kuma akwai masu shigo da shi kamar Zaytoun a Ingila. A nan ma sai da takarda, domin an sha kama dabinon matsugunai da aka liƙa wa sunan Falasɗinu.

Ummu Yusra

Allah ya saka da alheri, Malam Abu Hafsat da Baban Rifkatu. Saura abu biyu da ke damuna. Ma'aikatan da ke rasa aiki fa, waɗanda da yawansu Musulmi ne ko ma Falasɗinawa? Sannan idan coci ta sayar da hannun jarinta, ai wani ne zai saya. To me kamfanin ya rasa?

Hajiya Akanta

'Yar'uwa, tambayarki ta biyu daidai take, kuma gara a faɗi gaskiya a kanta. A ranar da aka sayar, kamfanin bai rasa ko sisi ba. Dala miliyan 21 da aka raba wa kamfani uku ba ta girgiza Caterpillar, wanda darajarsa a kasuwa ta haura dala biliyan 50 a lokacin. Amfanin yana zuwa ne daga baya. Takardun da coci ta tara su ne wasu manyan asusu ke ɗauka su yi aiki da su. Kamfanin fansho na KLP a Norway ya cire kamfanoni 16 a 2021, har da Motorola Solutions, sannan a Agustan 2025 asusun man fetur na ƙasar ya cire Caterpillar. Abin da ya fi yi wa kamfani ciwo kuwa kwangila ce. Veolia na Faransa, wanda ke da hannu a jirgin ƙasan cikin birnin Ƙudus, ya sha fuskantar adawa duk inda ya nemi kwangilar birane a Turai, ya tattara ya bar kasuwar Isra'ila a 2015. Kamfanin abinci na General Mills ya kasance yana yin kayan Pillsbury a yankin masana'antu na Atarot a Gabashin Ƙudus, ƙungiyar agajin 'yan Quaker (wata ɗariƙar Kirista) ta Amurka ta sa shi gaba daga 2020, ya sayar da kasonsa a 2022. Da wuya ki ji kamfani ya ce ƙauracewa ce ta kore shi, kullum dalilin kasuwa ne. A auna nasara da abin da ya aikata.

Wurin samo hujja uku ne aka fi dogara da su. Akwai kundin ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a Fabrairun 2020 da kamfanoni 112, ya koma 97 a 2023, ya kai 158 a Satumban 2025. Akwai cibiyar bincike ta Who Profits. Akwai kuma kundin Investigate na 'yan Quaker ɗin nan. Kundin Majalisar ya taƙaita ne ga wasu ayyuka masu alaƙa da matsugunai, don haka rashin suna a cikinsa ba wanki ba ne, Caterpillar ma ba ya cikin na 2020. A nemi madogara biyu masu zaman kansu a kan kowane kamfani, a rubuta kwanan watan kowace hujja, a sake dubawa duk shekara.

Ga masu asusun waƙafi, akwai kuskuren da ake yawan yi: a ɗauka tunda asusu ya dace da Shari'a to an gama. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, na duba sana'ar kamfani, ya duba kada bashinsa mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa, kada kuɗin shigar da ba halal ba ya wuce kashi 5. Ba ya tambayar ko motar kamfanin na rushe gida. Dole a ƙara ma'aunin haƙƙin ɗan Adam daban, a sa shi cikin yarjejeniyar da aka yi da mai juya kuɗin.

Sai matsalar asusun haɗaka, irin wanda ke sayen duk kamfanonin da ke cikin wani jerin kasuwa. Caterpillar da HP (Hewlett-Packard) da Motorola Solutions duk suna cikin irin wannan jeri na manyan kamfanonin Amurka, wato S&P 500. Cibiyar da kuɗinta ke irin wannan asusu ba ta da ikon cire kamfani ɗaya. Ko dai ta koma asusun da aka riga aka tace, ko ta nemi a buɗe mata nata na daban, wanda ke buƙatar jari mai kauri da ladan gudanarwa mafi tsada. A lissafa wannan ƙarin a gaban amintattu tun farko, kada ya ɓullo bayan ƙuri'a ya rusa komai. Wasu kuma na barin ɗan kaso da gangan don su riƙa magana a taron shekara. A Amurka, bisa ƙa'idar da aka gyara a 2020, mai son shigar da ƙuduri sai ya riƙe hannun jarin dala 2,000 na shekara uku, ko 15,000 na shekara biyu, ko 25,000 na shekara ɗaya, ƙudurin kada ya wuce kalma 500, kuma in bai sami kashi 5 a karon farko ba kamfanin na iya ƙin karɓarsa a shekarun da ke biye.

Maganar ma'aikata kuwa babu amfanin ɓoye ta. Da SodaStream, mai ƙera na'urar haɗa lemon gas, ya rufe masana'antarsa ta matsugunin Mishor Adumim a Gaɓar Yamma a 2015 ya koma Negev cikin Isra'ila, Falasɗinawa kusan 500 sun rasa aiki, na ƙarshensu saboda an ƙi sabunta musu izinin shiga Isra'ila. A Maris 2024 kamfanin Alshaya na Kuwait, mai riƙe da lasisin Starbucks a yankin, ya sallami kimanin mutum 2,000, alhali Starbucks ya rufe shagunansa a Isra'ila tun 2003, kuma fushin da aka yi da shi ya samo asali ne daga ƙarar da ya kai ƙungiyar ma'aikatansa. Ban ga abin da Bafalasɗine ya samu a wannan ba. Na McDonald's daban ne: mai lasisinsa a Isra'ila ya raba wa sojoji abinci kyauta a Oktoban 2023, ciniki ya faɗi a ƙasashen Musulmi, a Afrilun 2024 uwar kamfanin ta sanar da sayen gidajen abinci 225 daga hannunsa. Amma ko a nan ba a rubuta tun farko abin da zai sa a ɗage ƙauracewar ba, kuma kamfanin da ya san ko ya gyara ba za a dawo ba, ba shi da dalilin gyarawa. Ƙungiyoyin ƙwadagon Falasɗinawa na cikin waɗanda suka sa hannu a kiran 2005, sun san za a ji jiki. Wannan ba ya ɗauke wa cibiyar da ta yi kira nauyin tallafa wa mambobinta da abin ya taɓa.

Barista Ɗan Malam

Hajiya, bari in ɗora da ɓangaren doka, domin abin da ya halatta a wata ƙasa na iya jawo asara a wata.

A Amurka jihohi fiye da 30 na da doka ko umarnin gwamna a kan masu ƙaurace wa Isra'ila. Ba ɗaure mutum suke yi ba, kwangilar gwamnati suke hana shi sai ya sa hannu cewa ba ya ƙauracewa. A Kansas wata malamar lissafi 'yar cocin Mennonite, wadda cocinta ta amince da janye jari a Yulin 2017, ta ƙi sa hannu aka hana ta aikin horar da malamai. Alƙalin tarayya ya dakatar da dokar a Janairun 2018, jihar ta gyara ta ta cire ɗaiɗaikun mutane. Texas ma ta taƙaita tata a 2019 ga kamfanoni masu ma'aikata 10 ko fiye da kwangilar dala 100,000 zuwa sama. Amma a shari'ar jaridar Arkansas Times kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dokar jihar a 2022, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2023. Don haka cibiyar addinin da ke da makaranta ko asibiti ko gidan marayu mai karɓar kwangilar jiha ta duba takardunta kafin ta kaɗa ƙuri'a. Yawancin waɗannan dokoki sun haɗa har da yankunan da Isra'ila ke iko da su, ke nan cewa matsugunai kawai muke nufi ba ya fid da mutum. Ben & Jerry's, kamfanin askirim, ya gani a 2021: ya ce zai daina sayarwa a yankin da aka mamaye, jihohi da dama suka janye kuɗinsu daga uwar kamfanin, Unilever, ita kuwa ta sayar da harkar ga mai lasisinta na Isra'ila a 2022.

A Turai, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke a Yunin 2020, a shari'ar Baldassi, cewa Faransa ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki da ta hukunta masu raba takardun kiran ƙauracewa a wani babban kanti. Kariyar ta tsaya ne inda ba a kira ga ƙiyayya ko tashin hankali ba. A Jamus majalisar dokoki ta zartar da ƙuduri a Mayun 2019 tana siffanta BDS da ƙin jinin Yahudawa. Ba doka ba ce, amma birane sun riƙa hana ɗakunan taro, har kotun gudanarwa ta tarayya ta soke irin wannan hani na birnin Munich a 2022. Isra'ila kuma tun 2017 tana da dokar hana masu kiran ƙauracewa shiga ƙasar, abin da ya shafi limamai da fastocin da ke jagorantar masu ziyarar Ƙudus.

Amintattu na da nasu nauyin. A Ingila Bishop na Oxford ya kai masu riƙe da asusun coci kotu a 1991 a kan jarin da ya shafi Afirka ta Kudu, kotu ta ce asalin aikinsu neman riba ne ga asusun, sai dai in jarin ya ci karo da manufar cibiyar. Hukuncin da aka yanke a shari'ar Butler-Sloss a 2022 ya faɗaɗa wannan dama, da sharaɗin su auna ribar da za a rasa da cutarwar da jarin ke yi wa manufarsu. Ma'anarsa a aikace: a rubuta wannan awon a kundin taro, da shawarar masanin kuɗi a haɗe. Ra'ayin Kotun Duniya na 19 ga Yulin 2024, wanda ya ce mamayar ta saɓa doka, na ƙarfafa irin wannan rubutu, duk da cewa gwamnatoci yake yi wa magana.

Sai ɓata suna. Mai lasisin McDonald's a Malesiya ya kai ƙungiyar BDS ta ƙasar ƙara a ƙarshen 2023 yana neman ringit miliyan 6, ya janye a Maris 2024 bayan sulhu. A takardar da cibiya za ta fitar a faɗi aikin da kamfani ya yi, da wurin, da shekarar, da madogara. Kalmomi irin su "yana ba soja kashi kaza na ribarsa" kada su shiga sai da takardar da za a iya ajiyewa gaban alƙali.

Baban Rifkatu

Barista ya tuna mini da abin da na tsallake, wato madadi. Ƙaurace wa motocin safa na Montgomery a Amurka ya ɗauki kwana 381 daga Disambar 1955, kuma ya ɗore ne saboda coci-coci sun shirya motocin da ke kai mutane aiki kullum. Ƙaramar cibiyar da ba ta da hannun jari ta buɗe littafin kashe kuɗinta na bara ta duba layi huɗu: kwamfuta da injin buga takarda, kamfanin tsaro, abincin taruka, da inda ake kama masauki in an yi tafiya, tunda Booking da Expedia da Airbnb duk suna cikin kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020. Kayan da aka riga aka saya a ci gaba da amfani da su har su tsufa, zubar da su asarar baikon jama'a ce kawai. Ƙa'idar ta fara aiki daga saye na gaba, a nemo farashin madadi daga dillalai biyu kafin a kai maganar gaban taro, sannan a aika wa kamfanin da aka bari wasiƙa mai ɗauke da adadin kuɗin kwangilar da ya rasa da sharaɗin da in ya cika za a dawo.